Kaset ɗin Bikin Umma

Nombakélé, Libreville
6 ga Oktoba

Kawu Uwaisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da Anti Nazira da duk mutanen gidan Gwammaja. Ni ce Kamila, 'yar ƙanwarka marigayiya. Na san ka san ni, na dai faɗa ne don rabon da mu yi magana tun ƙaramar salla, ita ma "lafiya lau" kawai na iya cewa na miƙa wa Baba wayar. Baba yana nan ƙalau, sai ciwon bayan nan da yakan taso masa in ya daɗe zaune a shago. Damina ta sauka a nan, shanya sai ta kwana uku ba ta bushe ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Sau huɗu ina yi maka saƙon murya ina gogewa. Na fi iya magana da biro, shi ya sa na rubuta na ɗauki hotonta na turo. A makaranta Faransanci muke yi, rubutun Hausa kuwa a littattafan soyayya na koya, waɗanda matan 'yan kasuwa ke zuwa da su daga gida. In ka ga kuskure ka yi haƙuri. Kuma don Allah kada ka yi wa Baba maganar littattafan, shi ya ɗauka na tarihi ne.

Ranar Asabar rufin ɗakin Baba ya yi yoyo, na hau kujera ina sauke kayan saman wadrob, sai na ci karo da wani kwali. A ciki akwai bidiyo irin na da, wanda a nan ake ce wa manyeto, da kaset biyu. Ɗaya na kokawa ne. Ɗayan an naɗe shi a gyale, a jikinsa an rubuta sunan Baba da na Umma da shekarar 2005, a ƙasa kuma "Uwaisu Mai Bidiyo, Gwammaja".

Kawu, ina da shekara uku Umma ta rasu. Hotonta biyu ne a gidan nan: na fasfo, wanda ta ɗaure fuska, da wani da aka ɗauka daga nesa. Ban san tafiyarta ba, ban san muryarta ba. Baba ba ya maganarta. In na ɗauko zancen sai ya tashi yin alwala, ko da lokacin salla bai yi ba.

Na gwada haɗa bidiyon da talabijin ɗinmu na rasa ta inda zan fara. A bayan talabijin akwai ƙananan ramuka uku, ruwan ɗorawa da fari da ja. A bayan bidiyon kuwa rami ɗaya ne mai faɗi, da 'yan huji da yawa a jere. Babu wata waya a kwalin sai ta wuta. Kai ka ɗauki bikin, na san ba wanda ya fi ka sanin yadda ake yi. Ka koya mini, ko sau ɗaya ne in gan ta tana motsi.

'Yarka,
Kamila

*

Gwammaja, Kano
9 ga Oktoba

'Yata Kamila,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, na karanta ta sau uku, Nazira kuma ta ƙwace ta karanta tana hawaye. Muna lafiya. Idona na dama ne ya yi yana, likita ya ce za su sa ranar aiki. Idon da ya shekara goma sha biyar manne da kyamara, ai ya yi ƙoƙari. Rubutunki ya fi na 'ya'yana da aka haifa a Kano, ki ci gaba da karanta tarihin naki.

Ashe babanki Maitama bai yar da kaset ɗin nan ba. Allah Sarki.

To, saurara. Kafin komai ki ɗaga kaset ɗin a haske ki leƙa ta gilashinsa. Garinku danshi ne. In kin ga fari-fari kamar an barbaɗa gari a jikin zaren, kada ki sa shi, ki gaya mini. In baƙi ne tas, an gode Allah.

Wannan rami mai faɗi, mu sikat muke ce masa, Faransawa kuma peritel. Ki nemi masu gyaran rediyo, tsofaffin, ba samarin nan masu gyaran waya ba. Ki ce su ba ki kan da ake cusawa a peritel mai ramuka uku a bayansa, da waya mai kai uku. Sai ki bi kala: ɗorawa a ɗorawa, shi ne hoto, fari da ja kuwa murya. A jikin kan akwai ɗan makunni. Ki tura shi ɓangaren da aka rubuta OUT, in ba haka ba ki wuni a gaban talabijin ba za ki ga komai ba. Sannan ki ɗauki rimot ki nemo AV. Ki fara gwadawa da na kokawar, in bidiyon zai tauna zare gara ya tauna 'yan kokawa. Shi kuwa na bikin, ki tura shi har ƙarshe ki dawo da shi farko sau biyu, zaren ya saki jiki, tukuna ki kalla.

Kin tuna mini da zamani. Kyamara a kafaɗa kamar an ɗora mini buhun gero, batir ɗaure a ƙugu, ga fitilar nan mai zafi da ke narkar wa mata hoda suna zagina. A bikin mutane a zaure ake tsayar da ni sai mata sun kimtsa. A bikin ummanki Rauda kuwa har ɗakin da aka sa ta a lalle na shiga, wa zai hana yayan amarya? Ko sisi ba a biya ni ba, tuwon ma sai da na yi faɗa aka ba ni.

In hoto ya fito, daga baya sai a juye shi a filas don kada ya lalace, wannan ba wani aiki ba ne. Amma Kamila, kaset ɗin na babanki ne. Ba na son ki yi abu a bayan idonsa.

Ki gaishe shi.

Kawunki,
Uwaisu

*

Nombakélé
13 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa, ya jikin idon? Allah ya sa a yi aikin a sa'a. Mu ma lafiya.

Ya yi, Kawu. Zaren baƙi ne tas, ina jin gyalen ne ya kare shi. Ranar Alhamis da aka tashi makaranta na hau taksi zuwa Akébé, na yi ta wuce shagunan gyara ina kasa shiga, har wani dattijo ɗan Damagaram, Malam Chamsou, ya kira ni ya ce ko ɓata na yi. Na nuna masa hoton ramin. Ya yi dariya ya ce rabon da a tambaye shi peritel tun ina cikin zanin goyo, ya zazzage wani gwangwani ya ciro mini kan da wayar.

Na bi kala kamar yadda ka ce. Da farko shuɗi kawai nake gani, har na fara jin kuka, sai na tuna makunnin. Ina turawa sai ga ƙatti biyu suna kokawa a falonmu, ganga na tashi. Ban taɓa murnar ganin kokawa ba sai ranar.

Na bikin ban sa ba tukuna. Ranar 26 ga wata Baba zai wuni a tashar jirgin ruwa ta Owendo wajen fito da kaya, ranar nake so in kalla ba gaggawa. Na ji abin da ka ce game da shi, kuma zan gaya masa, amma bayan na gani. In na fara tambayarsa ya ce a'a, shi ke nan, ba zan iya sake tambaya ba. Kada ka yi fushi da ni.

Abu ɗaya ya rage. Talabijin ɗinmu yana da wurin sa filas a gefe, kuma ina da guda, kile muke ce masa a nan. Yaya ake juyewar? Ina tsoron zaren ya tsinke kafin in ajiye ta.

'Yarka,
Kamila

*

Nombakélé
27 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaishe ka. Na ga an buɗe takardata tun ranar da na turo, yau sati biyu ba amsa. Na gane, ka ce kada in yi a bayan idon Baba, ni kuma na ce zan yi. Kana da gaskiya. Ba don in ba ka haƙuri kawai na rubuto ba, na yi ɓarna ne, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Jiya Baba ya fita tun safe. Na rufe ƙofa, na yi wa kaset ɗin gaba da baya sau biyu, na kunna. Hoton ya ɗan yi ja-ja, yana rawa daga sama, amma ana gani. Na ga tsakar gidanku cike da mata cikin anko kore, ana kiɗan ƙwarya. Na ga Kaka da ƙarfinta tana rabon goro tana yi maka tsawa ka kauce da fitilarka.

Umma kuwa, Kawu, ba ka gaya mini ba. Awa ɗaya da rabi tana lulluɓe. A wajen kamu lulluɓe, a wajen wanka lulluɓe, a mota lulluɓe. A littattafan da nake karantawa amarya takan ɗago ido ko sau ɗaya ne ta saci kallon ango. Ita ko motsi ba ta yi. Hannunta kawai na samu, da lalle har wuyan hannu, sai na matsa jikin talabijin ina kallon yatsun. Ɗan ƙaramin yatsanta a lanƙwashe yake kamar nawa.

Da aka kai ta ɗaki hoton ya yanke, na ɗauka an gama. Har na miƙe, sai ga tsakar gidan kuma da rana tsaka, ba kowa, akwatuna a jere. Wata mace ta ba da baya tana ɗaure bakin buhu. Ta juyo. Ba mayafi a fuskarta, tana dariya, tana da wushirya. Ta ɗaga hannu ta nuna kyamara, ta buɗe baki za ta yi magana.

Sai tsoro ya kama ni. Na ga kamar zaren zai tsinke a daidai nan. Na tsayar, na ɗan mayar baya, na cusa kile a talabijin, na danna jan maɓallin da ke jikin bidiyon. A waya in ana son ajiye abu ja ake dannawa, kuma ka ce ba wani aiki ba ne. Talabijin ya koma shuɗi, lambobi suna tafiya, ni kuma ina zaune ina addu'a ya juyu da kyau. Minti shida na ba shi a agogon bango.

Babu komai a kile. Na mayar da kaset ɗin baya na kunna, an kai amarya ɗaki, sai shuɗi. Na jira, shuɗi. Ban iya ci gaba ba, na cire shi na naɗe a gyalen na mayar saman wadrob.

Da Baba ya dawo ya ce me ya sami idona, na ce albasa. Shekara goma sha uku yana ajiye da ita, ni a yini ɗaya na goge ta. Ko kalma ɗaya ban bari ta faɗa ba. Akwai yadda ake dawo da shi? Ko kana da wani a wurinka? In ma zagina za ka yi, ka rubuto.

Kamila

*

Gwammaja, Kano
30 ga Oktoba

'Yata,

Ki share hawayenki ki karanta a hankali. Ba fushi na yi ba. A ranar da kika turo ta biyun aka yi mini aikin ido, aka hana ni kallon waya. Nazira ce ta buɗe, ta ce takardar Kamila ce, na ce ta bari sai na warke in karanta da kaina, don na ɗauka hira ce. Jiya na karanta biyun a jere. Da na bari ta karanta mini tun ranar, da layi ɗaya ya isa: kada ki taɓa ja.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da bidiyo ya hau kansa ya tafi, ba mai dawo da shi. Wani kuma babu. Wannan shi ne uwar, shi na ciro daga kyamara, sauran kasusuwan shagona ma gara ta cinye su tun tuni.

Amma laifin ba naki ba ne ke kaɗai, nawa ya fi yawa. Kowane kaset yana da ɗan kunne a gefensa. Mu masu ɗaukar biki, da mun gama aiki sai mu karye shi, daga nan ko jan maɓalli aka wuni ana dannawa ba abin da zai goge. Na bikin Rauda ma na karye. Bayan sati biyu, ranar da za ta bi babanki Gabon, na zo sallama da kyamara, na tarar ba ni da sabon kaset. Sai na yi abin da muke yi in mun matsu: na liƙe ramin kunnen da salatif, na ɗauka a ragowar zaren. Mota na jira, ana ta kuka, na ciro shi na miƙa wa Maitama ta taga. Ban ɓare salatif ɗin ba. Duba gefen kaset ɗin, za ki gan shi. Ni na bar ƙofar a buɗe shekara goma sha tara, kuma da na rubuto miki na tuna danshi, na tuna makunni, na manta wannan.

Kin so ki san me ta ce. Wallahi tun jiya nake nema a kaina ban samu ba. Mai kyamara ba ya jin magana, hankalinsa na kan batir. Na dai san ɗaukar ta ɗan fi minti shida, ko da kaɗan ne. Wataƙila akwai saura.

Ga abin da za ki yi. Ki ɓare salatif ɗin yanzu, kafin ki ajiye wannan takarda. Sannan kada ki kalli saurar ke kaɗai. Ki kai wa babanki, ki faɗa masa da bakinki. Na san Maitama tun yana saurayi yana zuwa zance ya kasa cewa komai sai Rauda ta yi hirar su biyu. Shirunsa ba na faɗa ba ne. In kuma kina so in kira shi in fara ɗaukar nawa laifin, ki ce.

Allah ya ji ƙan Rauda, ya yi miki albarka.

Kawunki,
Uwaisu

*

Nombakélé
10 ga Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka yafe mini zaton da na yi maka. Ka gaishe da Anti Nazira, ka ce kada ta damu, ba ta yi komai ba.

Kwana goma ina ɗaukar kaset ɗin ina mayarwa. Yau Lahadi Baba bai buɗe shago ba. Da ya dawo daga la'asar na ajiye shi a gabansa, na durƙusa, na faɗa masa duka tun daga yoyon rufi. Ban kalle shi ba, tabarma nake kallo. Na ji ruwa ya fara sauka a kwano. Sai ya tambaye ni wai bidiyon har yanzu yana aiki? Na ce yana yi. Ya ce in haɗa.

Na ɗauka wajen ɓarnar zai ce in kai shi. Ya ce daga farko. Muka zauna, ya fara nuna mini mutane da yatsa: wannan ta rasu, wannan tana Makka, wancan mai hular da ya fi kowa cin shinkafa har yau bai yi aure ba. Ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawon haka a gida ba.

Da shuɗin ya zo na kai hannu zan tura gaba. Ya ce in bari.

Kawu, ashe ya haddace shi. Ya ce shekarar da ta rasu kullum sai ya kalla, har ya ga in bai daina ba ba zai iya riƙe shago da ni ba, shi ne ya naɗe ya ɗora a sama. Yana kallon shuɗin yana faɗa mini kamar yana gani. Wai da ta juyo cewa ta yi da kai, yau ma ba za ka bar mutum ya huta ba? Wai buhun kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa, Kaka tana ta ƙara mata tana cewa a can sai ganyen rogo. Wai ta tambaya ko daga gidan ana hango teku, shi kuma ya ce mata e, alhali ka san daga Nombakélé sai rufin maƙwabta. Ya ce ta shekara tana yi masa gorin tekun nan. A nan ya yi dariya, ya goge ido da hularsa.

Yana cikin magana hoto ya dawo. Yana ta girgiza, sama, bango, ƙafar wani. Sai ya tsaya a kan wani siririn saurayi cikin babbar riga da ta yi masa yawa, tsaye a jikin mota, kansa a ƙasa. Sai na ji murya dab da kunnena, don ita ce riƙe da kyamarar:

"Ɗan Gabon, ɗago kanka mana. Ko kai ne amaryar?"

Ta yi dariya. Daga gefe kana cewa ta ba ka kyamararka kafin ta yar, tana cewa sai ya ɗago. Bai ɗago ba, murmushi kawai yake yi wa takalminsa. Daga nan zaren ya ƙare. Bai kai minti ɗaya ba.

Ashe muryarta tana da kauri, har da 'yar dishewa. Ni duk shekarun nan siririya na ba ta, irin ta matan littafi.

Fuskar ta tafi, na sani. Sau ɗaya na gan ta, kuma ni na goge ta, wannan zai daɗe yana yi mini ciwo. Na fara ba Baba haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya ce gobe shi da kansa zai kai kaset ɗin wurin Malam Chamsou a juye yadda ya kamata, kuma in rubuta maka cewa yana gaishe ka, zai kira ka ranar Juma'a.

Na tashi zan cire wayoyin in mayar kwali. Ya ce in bar su a haɗe. Sannan ya gyara zama ya ce, "Mayar da shi baya kaɗan."

Sau biyar muka ji ta kafin a kira magariba.

'Yarka,
Kamila